Tsiren da Na Kai wa Madam Lan

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai wa Madam Lan tsire ba. Ko na so in manta, matata ba za ta bari ba.

Madam Lan 'yar Vietnam ce, tana da kantin kayan abinci a nan Greensboro, inda muke sayen doya da barkono. Jikin kantin akwai wani ɗan shago nata da ya daɗe a rufe, shi nake hari. Shekara huɗu ina gasa tsire a bayan gida duk Asabar, 'yan Nijar da 'yan Kano suna cika mana layi da motoci, maƙwabta suna ƙorafin hayaƙi. Na gaji wallahi. Ina son shago mai ƙofa da suna.

To, a bakin kantin ana ajiye jaridar 'yan Vietnam ta mako-mako, kyauta. Ni kuwa Bakano ne, tsiren da ba a naɗe a jarida ba ai bai cika tsire ba. Duk zuwa sai na kwashi biyar-shida. Rannan ta tare ni da murmushi, ta tambaya ko ina jin yarensu. Maimakon in faɗi gaskiya, sai bakina ya zarce (bakin nan shi zai ƙarasa ni). Na ce ban iya ba, amma ina mutuwar son al'adunsu, hotunan bikin sabuwar shekara, raye-raye, taron tsofaffi, babu shafin da ke wuce ni. Baiwar Allah ta ji daɗi. Ta ce 'ya'yan cikinta ma ba sa buɗe ta, alhali a nan ake sanin wa ya yi aure, wa ya gama karatu, wa ya buɗe kasuwa. Ina ta gyaɗa kai kamar wani farfesa. Daga ranar ta fara ware min tawa.

Sai dai ba kowane shafi ke naɗe nama ba. Masu launi tawadarsu na bin tsire. Na fi son na can baya, farare tas, da baƙin layi a kewaye, hoton mutum ɗaya a sama, jerin sunaye a ƙasa. Na ɗauka 'yan takara ne, tunda duk sun sha kwat.

Ranar da ta ce in zo mu yi maganar shago, na gasa tsoka mai kyau, na zuba yaji da albasa. Matata ta ce in sa a kwano mai murfi. Na ce mata ta bar ni, so nake Madam ta ga asalin abin. Na naɗe shi a farin shafin jaridar.

A kan teburin kantin na ajiye shi, ina washe baki. Ta fara warwarewa, sai hannunta ya tsaya. Mai ya riga ya ratsa takardar. Ta ɗauko faranti ta kwashe naman ɗaya bayan ɗaya, ta shimfiɗa shafin da tafin hannu, ta sa tishu tana goge yaji daga fuskar mutumin.

"Mijina ne," ta ce. "Shekararsa ɗaya da rasuwa. Waɗannan sunayen masu taya mu addu'a ne."

Ta ɗago ta dube ni.

"Da hannuna na ajiye maka wannan jaridar makon jiya. Na zaci za ka ce min wani abu."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ni da tun ina yaro in na ga takarda mai rubutun Larabci a ƙasa sai na ɗauke ta na soke a katanga, amma rubutun wasu na mayar da shi tsumma, har da ƙaryar ina ƙaunarsa. Haƙuri na yi ta ba ta, Turancina ya gudu, na koma Hausa ban sani ba.

Shagon dai wani mai gyaran waya aka ba. Har yau ina bayan gida ina shan hayaƙi, kuma a kwano mai murfi nake zuba tsire. Duk takardar da na ga fuskar mutum a kai, ko tallan katifa ne, sai na tambaya ko yana raye.