Waye Miji a Gidan Gambo?

A wani daji da ke tsakanin wani tsauni da wani fako mai faɗin gaske, an yi wani dodon koɗi mai suna Gambo. Shekararsa bakwai da aure, shi da Kyauta, a ƙarƙashin wani ruɓaɓɓen kututturen ɗorawa inda ƙasa ba ta bushewa ko da bazara. Gambo ba shi da sauri, wannan kowa ya sani, amma abin da aka rage masa a ƙafa an cika masa shi a baki. In ya soma gaisuwa da hantsi, sai rana ta take bai kai ga tambayar iyali ba. Babu abin da ke faranta masa rai a duniya kamar a kira sunansa a taro ya amsa.

Su dodannin koɗi halittarsu daban take. Kowane ɗayansu namiji ne kuma mace, haka aka yi su tun fil azal. Saboda haka tsarin gidan Gambo ba shi da wuya: wanda zai yi ƙwai a daminar bana shi ne uwargida, ɗayan kuma maigida, ya nemo ganye, ya tari baƙi. Baɗi sai a juya. A shekarar da nake ba ku labari, Kyauta ce ke ɗauke da ƙwai, tana jiran ruwan farko.

To, a ƙarshen bazarar nan majalisar daji ta zauna kan maganar tafki, wanda laka ta cinye har Dorina ba ta samun inda za ta ɓoye bayanta. Shekara uku ke nan ana ɗage maganar yashe shi, kuma Gwanki, shugaban majalisa, ya zo zaman ba shi da amsa ko ɗaya a bakinsa. Ana cikin haka sai ga Shamuwa ta sauka daga tafiyarta ta nesa. Aka tambaye ta labarin duniya, ta ce ta ga wani daji a bayan teku inda ake ɗaura wa namiji aure da namiji, har a yi biki. Gwanki ya ji sanyi a ransa kamar an yi masa ruwan sama shi kaɗai, ga abin da zai mantar da jama'a maganar tafki.

Addini biyu ake bi a dajin. Mabiya Kuka sun ce daga kogon kuka Mahalicci ya yi wa dabbobi magana, babban malaminsu kuwa shi ne Burtu. Mabiya Ƙorama sun ce a'a, daga bakin ruwa ne, nasu malamin shi ne Gauraka. Malaman nan biyu sun shekara goma sha ɗaya ba su haɗa inuwa ba. Amma ran nan sai ga su sun miƙe tare, har fukafukansu na gogar juna.

Burtu ya gyara murya ya ce, "Ya ku jama'a, tafki laka ce kawai ta shige shi. Laka kuwa ana kwashe ta ko baɗi ko baɗin baɗaɗa. Amma abin da baiwar Allah nan ta faɗa, in ya shigo dajin nan, da me za a kwashe shi? Kuka ta koya mana cewa bibbiyu aka yi mu, namiji da mace. Ina kira ga majalisa ta sa wannan a doka yau ɗin nan, kafin rana ta faɗi."

Gauraka ya karkaɗa tukkunsa ya ce, "Kun san ni da wannan bawan Allah ba mu taɓa yarda da juna ba ko a kan wace rana ce yau. Har gobe ina nan a kan cewa shi da mabiyansa sun ɓata hanya. Amma ɓataccen ma yakan taka gaskiya bisa kuskure, kuma yau ya taka ta. Ƙorama ma haka ta ce. A rubuta."

Aka rubuta. Aure sai tsakanin namiji da mace. Kowane gida ya zo gaban majalisa ya nuna miji ya nuna mata, gidan da ya kasa kuwa ya bar dajin cikin kwana bakwai. Da aka zo ƙuri'a babu wanda ya yarda a ga hannunsa a ƙasa alhali malamai biyu na kallo, har Kumurci sai da ya ɗaga wutsiya. Maganar tafki aka ɗage ta zuwa wani zama.

Da saƙo ya iso gindin ɗorawa, Gambo murna ya yi. Za a kira sunansa a gaban majalisa guda! Suka kama hanya shi da Kyauta, tafiyar da zomo ke yi kafin ya gama atishawa, su kuwa kwana uku ta ci musu. A rana ta biyu suka yi kiciɓis da wasu zakarun fakara biyu, Jatau da Barmo, waɗanda suka shekara tara a gindin sabara ɗaya, har suka raini 'yan tsakin wata maƙwabciyarsu da shaho ya ɗauke. Sun nufi bakin daji, ba su ɗauki komai ba.

"Ina zuwa da ranar nan?" in ji Gambo.

"Inda ba a san mu ba," in ji Barmo. "Mun je, an tambaye mu, mun faɗi gaskiya. Ku dai Allah ya ba ku sa'a."

Suka wuce. Gambo ya bi su da kallo har suka tashi sama suka tsallake fakon, wurin da ƙasa ke ƙuna kamar tanda, babu ko ciyawa. Su fakara suna da fukafukai. Dodon koɗi in ya hau fakon nan, kafin azahar koɗin kawai za a tsinta, balle mai ɗauke da ƙwai.

Da suka iso, Gambo ya soma gaisuwa tun daga kan Gwanki yana gangarowa, sai da aka katse shi a kan Kurege.

"Ya isa, ya isa," in ji Gwanki. "Tambaya ɗaya ce. Waye miji a gidanku?"

"Ranka ya daɗe, bana ni ne."

"Bana?"

"Bana, ranka ya daɗe. Bara Kyauta ne, ni na yi ƙwan, guda arba'in da biyu, Allah ya raya talatin. In muna da rai baɗi ma ni zan yi."

Wuri ya yamutse. Wata barewa ta toshe kunnuwan 'yarta. Burtu ya daka tsalle ya ce ai magana ta ƙare, maza biyu ne, su fita. Gauraka ya ce fita kam za su fita, amma mata biyu ne, duk mai ƙwai mace ce, wannan ko jahili ya sani. Burtu ya tambayi wa ake kira jahili. Ƙawancen kwana shida ya soma tsagewa a gaban jama'a, mabiya kowane ɓangare suka fara matsawa bayan malaminsu.

Kyauta ba mai yawan magana ba ce, shekara bakwai da Gambo ba ta bar mata wurin koyo ba. Amma ta fito da kanta daga koɗi ta ce, "Allah gafarta malamai, ni ban yi karatu ba, tambaya ce da ni. Wa ya yi mu haka?"

"Mahalicci," suka amsa baki ɗaya.

"To kuskure ya yi?"

Burtu ya dubi Gauraka, Gauraka ya dubi Burtu. Kowannensu na jira ɗayan ya ce i, don ya samu abin wa'azin shekara goma. Gwanki kuwa ya shiga lissafi. In an kore su, an ce Mahalicci ya yi halittar da ba ta da wurin zama. In an bar su, dokar da aka yi ta huje tun ba ta yi mako ba, gobe fakara su dawo, jibi kuma wani ya tuna da tafki.

Sai ya waiwayi Hawainiya, mai ba majalisa shawara kan doka, wadda tun safe idonta ɗaya na kan Burtu ɗaya na kan Gauraka. Ta tako a hankali ta ce, "Ranka ya daɗe, dokar ba ta da aibu, malamai ma duk sun yi daidai. Doka ta ce kowace dabba ko namiji ce ko mace. Waɗannan ba su tsaya a ɗaya ba. Ashe ke nan ba dabbobi ba ne. Ku dube su da kyau: bayansu tauri, suna zaune a gindin itace, in ka tafi ka dawo kana samunsu kusan inda ka bar su. Ni a ilimina, duwatsu ne. Dutse kuwa ba a ɗaura masa aure, ba a kashe masa aure, ba a kuma korarsa daga daji."

Burtu ya ce Kuka ba ta taɓa hana dutse zama kusa da dutse ba. Gauraka ya ce ƙorama ma cike take da su. Jama'a suka yi ajiyar zuciya.

"Ni ne dutse?" in ji Gambo. "Ni Gambo, da na gaishe ku yanzun nan? Ranka ya daɗe, kakana ya zauna a majalisar nan, ya yi jawabin da..."

"Wannan ita ce 'yar matsalar da ta rage," in ji Hawainiya. "Dutse ba ya magana. Sai a gwada. Shugaba zai kira suna sau uku. In an amsa, dabba ce, doka ta hau kanta. In ba a amsa ba, a rubuta dutse, a cire sunan daga cikin masu bakin magana a dajin nan har abada."

Gwanki ya ɗaga kai ya ce, "Gambo!"

Amsar ta taho da kanta har bakinsa, da "na'am" ɗinta da "ranka ya daɗe" ɗinta. Tunda aka haife shi bai taɓa barin sunansa ya faɗi ƙasa ba. Ya haɗiye ta da ƙyar.

"Gambo!"

Ya dubi Kyauta. Ba ta roƙe shi ba, ba ta ko dube shi ba, ta dai janye jikinta ta rufe ƙwanta. Ya dubi hanyar da fakara suka bi. Baƙin ciki ya cika shi, irin wanda bai san akwai shi ba, ga kunya, domin ya san gaskiyar da Barmo ya faɗa ita ce tasa, shi dai an samo masa ƙofar da ba a samo musu ba.

"Gambo!"

A hankali ya mai da ƙahonninsa, ya mai da kansa, ya shige koɗinsa. Aka jira. Babu motsi.

"Dutse," in ji Gwanki. Aka rubuta. Malamai suka yi addu'a, kowa da tasa, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya, aka tashi.

Sai da fili ya watse sarai sannan duwatsun biyu suka kama hanyar gida. Kwana uku suna tafiya Gambo bai ce komai ba, har Kyauta ta soma kewar surutun da ta shekara bakwai tana ƙorafi a kansa. Ranar da suka isa gindin ɗorawa aka yi ruwan farko.

Tun daga lokacin, kowace damina duwatsun dajin nan ƙaruwa suke yi, kuma har yau ba a samu malamin da ya ga dalilin yin tambaya ba.