Amai a Jirgin da ke Ɗaure

Duk tsufan da zan yi, ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi amai a jirgin da ko motsawa daga tasha bai yi ba. A Harra ta Gabas aka haife ni, cikin Madina. A lokacin da ake ta gine-gine a Yanbu na samu aiki can bakin teku, wurin wani wakilin jiragen ruwa. Aikina kai takardu, amma yadda nake guge taub ɗina, doguwar rigar nan ta Larabawa, sai ka rantse ni ne mudir, shugaban ofis. A ofis ba na Hausa. Ko Inna ce ta yi aike, da Larabci nake amsa wa ɗan aiken.

Wata safiya aka tura mu da abokin aikina Halid, wani Balarabe, mu karɓo fasfunan mutanen wani ƙaramin jirgi mai tafiya da iska da ya tsaya neman ruwan sha. Na wani Bature ne da matarsa, wai duniya suke zagayawa. (Har yau ban gane abin da suke nema ba.) Mun tarar an shanya wanki a kan igiyoyi, matar ta baje ƙaton zanen da iska ke turawa tana ɗinke inda ya yage, mijin kuma rabin jikinsa na cikin inji. Ko'ina warin dizal da ƙarnin kifi.

Muka sauka wani siririn tsani zuwa inda ake girki, wurin da bai fi banɗakinmu ba. Murhun ma lilo yake yi. Can na ga kukunsu, wani dattijo baƙi da suka ɗauko daga Bor Sudan. Ya dube ni, fuskarsa ta washe.

"Sannu ɗana. Ɗan gidan wa ne kai a Madina?"

Na saci kallon Halid. Sai na ɗaga kafaɗa na ce da Larabci, "Ban gane ba, ya ammi."

Sai dattijon ya koma Larabci, ya ce sunansa Sale, ba a ba shi izinin sauka ba, ga shi kusa da Manzon Allah amma ba halin ziyara. Yana da ƙanwa a Harra, Rakiya, shekara ashirin rabonsa da ita. Ya fiddo wasiƙa daga aljihu. Na ce ban san mutanen wajen ba. (Gidanta uku daga namu. Ita ta yi mini wanka ina jariri.)

Sai wani babban jirgi ya wuce, namu ya fara rausaya. Zafi, dizal, albasar da ke soyuwa, duk suka haɗu a maƙogwarona. Na nufi tsani, ban kai ba. Na durƙusa na juye fulun waken da na karya da shi, rabi a farin taub ɗina, rabi a takalmin Halid. Sai na ji wata murya tana cewa, "Wayyo Inna, cikina, zan mutu." Tawa ce. Hausa tsantsa, har da karin Kanancin kakata.

Baba Sale bai yi dariya ba, da ma ya yi. Ya kawo bokiti, ya matsa lemon tsami a ruwa ya ba ni, ya sa tsumma ya goge mini gaban riga.

"Sha a hankali, ɗana," ya ce da Hausa. "Ba a mutuwa da wannan."

Da za mu fita ya miƙa wasiƙar, na ɗago hannu, ya tsallake ni ya ba Halid.

Ranar Alhamis muna hanyar Madina, wajen Badar, Halid ya ajiye mini wasiƙar a cinya. "Ni ban san lungunanku ba," ya ce. "Wai wa kake ɓoye wa? Tun ranar da ka fara aiki kowa ya sani."

Na kai wa Hajiya Rakiya. Ta riƙe takardar da hannu biyu tana kuka, ta zaunar da ni. "Ya tsufa ko? Yana da lafiya? Me da me kuka yi hira? Ya tambayi 'ya'yana?"

Na ce yana lafiya. Iyakar abin da na samo mata ke nan daga ɗan'uwan da ta shekara ashirin ba ta gani ba. Washegari jirgin ya tashi, kuma har ta rasu ba su sake haɗuwa ba.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba, amma na biya shi da tsada: mutum na iya neman aiki da kowane harshe ya ga dama, amma wanda yake kiran uwarsa da shi in amai ya taso, shi ne nasa.