Rasuwar Alhaja, Mai 'Yan Haya Goma Sha Ɗaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun da bai saba rubuta wa jama'a ba, ni Nazifa Harisu ta unguwar Hausawa a Agege nake sanar da rasuwar Alhaja, babbar kwamfutar kamfanin dakon kayan da nake yi wa aiki. Ta cika ranar Alhamis da ƙarfe sha ɗaya da kwata na safe, tana tsakar aiki, tana da shekara goma sha tara. Ni kaɗai ce a kanta.

Ga waɗanda ba su san marigayiyar ba: baƙa ce, doguwa, ta fi firji biyu faɗi. Jikinta ɗaya ne, amma an yanka cikinta ɗaki-ɗaki har sha ɗaya, kowane ɗaki yana aiki kamar cikakkiyar kwamfuta, bai ma san yana da maƙwabci ba. 'Yan haya muke ce musu. Malam Shafi'i, wanda ya riƙe ta kafin ni, shi ya raɗa mata suna, wai irin masu gidajen hayar Legas ce. Ni kuwa sai ta riƙa tuna min da Mamana, Mama Hadijatu, wadda mai gidan hayarmu ya bar wa kula da ɗakuna sha biyu. Famfo ya ƙafe, wurinta. Kwano ya yi yoyo, wurinta. Tana suyar ƙosai a ƙofar gida tana sauraro, tana tari, tana cewa za a duba.

Alhaja ba ta tsegumi, ba ta kuma ɓoye gaskiya. Duk sanda wani abu ya taɓu a ƙarfenta, faifai ya yi gardama ko wata waya ta saki, sai ta rubuta a kundin ƙorafi: ga lokaci, ga abin da ya faru, ga sunan ɗan hayar da abin ya shafa. Kowace safiya firinta ta fitar da shi. Aikina in karanta, in kai wa kowane sashe nasa.

Shekara biyu muka yi tare a ɗaki mai sanyi, ba taga, ba baƙo. Sauran ma'aikata suna sama, suna hira da Yarbanci da Turanci, ni kuma ko da Hausa ban iya shiga hira ba. A gefenta nake cin abincin rana, sanye da rigar sanyi a tsakiyar zafin Legas. Muryarta ɗaya ce, huuuu, ba hawa ba sauka. In aiki ya yi mata yawa ta ƙara da tik, tik-tik. Na sha karanta mata littattafai a fili. Ba ta taɓa gyara min karatu ba.

Yanzu sai batun jinya. A nan nake roƙon mai karatu ya yi min a hankali.

Ranar da Malam Shafi'i zai ajiye aiki ya koma Idi-Araba, ya miƙo min rularsa ta katako, ya ce, "'Yata, layi-layi ake bi. Duka. Kar ki ce wani bai shafe ki ba." Na ce to, Baba. Wata uku na bi. Daga nan dabara ta zo min: na sa kundin ya riƙa fitowa a jere bisa sunayen 'yan haya, kowa da shafinsa. Aikin awa biyu ya koma na minti ashirin, sauran lokacin na ba littattafaina. Oga Nazir har yaba min ya yi, ya ce, "Ashe yarinyar nan shiru-shiru akwai kai."

Layukan da ba su da sunan kowa sai suka riƙa taruwa a shafin ƙarshe. Ba sashen da zan kai wa. Takarda ce mai kyau, mai faɗi, ba sirrin kowa a ciki, sai na riƙa ninke ta ina kai wa Mama ta naɗe ƙosai.

Da injiniya ya zo ranar Alhamis, ya buɗe bayanta, ya daɗe yana kallo. Ya ce Alhaja tana da na'urar ba da wuta guda biyu, ɗaya ta mutu tun tuni, da ɗayar take ta ɗaukar mutum sha ɗaya har ita ma ta gaza. Ya ce, "Sista, ai dole ta faɗa. Irin waɗannan ba sa tafiya ba sallama. Nata ƙorafin ba ya zuwa da suna, tunda ita ba 'yar haya ba ce. Ina shafin?"

Na hau motar danfo na koma gida. A ƙarƙashin tiren Mama na sami guda tara, sauran sun bi ƙosai sun shiga gari. Na zauna a dakali na ɗora rular Malam Shafi'i. Layi ɗaya ne, kowace safiya, mai ya jiƙa shi amma yana karantuwa: wuta ta ɗaya ta tsaya, ana tafiya da ta biyu. Mafi tsufa a cikinsu tun kafin azumi ne.

Ina cikin karatu Mama ta yi tari, dogo, har ta dafa bango. Matar ɗaki na shida ta leƙo ta ce, "Iya Nazifa, kwatar nan fa ta sake toshewa." Mama ta share baki ta ce za a duba. Na tsaya ina lissafin yaushe tarin nan ya fara. Shi ma tun kafin azumi ne.

Marigayiyar ta bar 'yan haya sha ɗaya, waɗanda aka kwashe zuwa wata sabuwar na'ura a wani gini da ban taɓa gani ba. An ce suna lafiya, ba su ma san an yi rashi ba. Ta bar firinta ɗaya, da kujera, da ni.

Za a fitar da ita ranar Asabar da ƙarfe goma na safe ta ƙofar baya. Baballe mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo da mutum shida da kura. Malam Shafi'i ya ce zai halarta. Ba za a yi zaman makoki ba, ɗakin ma an ce sito za a mai da shi.

Ina neman afuwar masu zuwa, ba za su same ni ba. A daidai lokacin ina kan layi a asibiti da Mama. Ta ce ba komai ba ne, hayaƙin itace ne, kuma wa zai soya ƙosan Asabar? Na riga na karɓo kati. Da sunanta a kai, ni na rubuta.