Sarkin Noman Babban Yatsa

Duk faɗin unguwar Takur ba a taɓa yin manomi irin Alhaji Sharhabilu ba. Mutum ne da rabonsa da fartanya tun yana saurayi, amma bana ya noma gero, ya noma alkama, ya noma wani jan ɗan itace da ko a kasuwar Shuwarin ba mu taɓa ganin irinsa ba. Duk wannan aiki ya yi shi a kishingiɗe cikin falonsa, fanka tana kaɗa masa babbar riga. Ko gumi bai yi ba. Allah Ya ba shi baiwa a babban yatsa.

Gonar a cikin waya take. Bayan ya yi ritaya daga aikin gwamnati, sai ya tsinci wani wasa da ake yi ta intanet: ka danna nan ka yi shuka, ka danna can ka yi girbi, shanu su yi kuka ka tatse su. Mu da muke zama da shi a dakali bayan La'asar mun ɗauka abin na 'yan kwanaki ne. Ashe sarauta ce ta zo.

"Ku kuna nan kuna jiran ruwan sama," in ji shi, idonsa a kan gilashin wayar, "ni kuwa ina gogayya da manoman duniya. Akwai wata mata a ƙasar Sin da ta fi ni kaji, amma kafin Juma'a za ta san da wa take yi."

Muka ce Allah Ya ba da sa'a. Daga ranar muka naɗa shi Sarkin Noman Babban Yatsa. Ya ji daɗin sunan ƙwarai, sai dai ya roƙi a riƙa tsayawa a Sarkin Noma.

Himmarsa abin koyi ce. Liman na yin sallama, Sarki ya riga ya kai ƙofa, sau da yawa da takalmin wani a ƙafa ɗaya, saboda lokacin tatsa ya yi. An je ɗaurin aure ana fatiha, shi yana shafawa da hannu guda, ɗayan yana ba tumatir ruwa a cikin aljihu.

To, akwai wata 'yar gona ta gado a wani ƙauye kusa da Ringim, irin tsohuwar gonar nan mai ƙasa da rana. Ita ke ciyar da gidan Alhaji kowace shekara. Ƙanensa Nata'ala ne ke kula da ita, shi Alhaji nasa kai iri da taki da sa 'yan ƙwadago. Da ruwan shuka ya sauka, Nata'ala ya bugo waya.

"Yaya, ƙasa ta jiƙu. Yaushe za ka shigo?"

"Bari in gama girbin nan."

Nata'ala ya ce to, ya kashe waya. Girbi a farkon damina bai taɓa ji ba, amma Yaya ya yi boko. Ya sake bugowa lokacin noman fari, aka ce masa ana haihuwa a garke. Daga baya ma Sarki ya daina ɗauka, don kiran yana tare masa fuskar gona. Nata'ala ya noma nasa ɓangaren, na Yaya kuwa ciyawa ta yi sarautarta a ciki.

Uwargidansa Hajiya Madina ta fara da ruwan tofi. Ya shanye bai ɗago kai ba, ya miƙo kofin ya ce a ƙara sukari gobe. Sai ta ji labarin wata likita, Dakta Kaneng, mai duba waɗanda wani abu ya kama musu zuciya suka kasa saki. A dakali aka rabu biyu. Wasu suka ce wannan asibitin masu taɓin hankali ne, ba a kai dattijo. Wasu suka ce a jefa wayar a rijiya a huta. Aka ce ai zai bi ta.

Sarki ya yarda zai je, amma don ya wayar wa likitar da kai.

Dakta Kaneng ta gaishe shi da ladabi, ta miƙo wani ɗan kwando ta ce, "Baba, a ajiye wayar a nan har mu gama hira." Ya ajiye kamar mai ba da jinginar ɗa. Ta tambaye shi yaushe rabonsa da cin abinci ba waya a hannu. Sai ya gyara zama.

"'Yata, ni na riƙe ma'aikata a ƙarƙashina tun ba a haife ki ba. Abin da kuke kira cuta, mu shugabanci muke ce masa. In na ga dama yau ɗin nan zan daina. Ban ga dama ba ne."

Yana magana, babban yatsansa yana ta shuka a kan gwiwarsa. Ta dubi yatsan. Ta ce ya riƙa zuwa duk mako, a tsara masa lokacin wasa, ya kuma je ya taka gonar Ringim da ƙafarsa. Da ya karɓi wayarsa ya tarar tumatir ya ruɓe. Ya fito yana shaida wa masu jiran layi cewa likitar nan ba ta san darajar amfanin gona ba.

Al'adar gidan ce duk kaka a tara maƙwabta a ci tuwon sabon gero. Bana Sarki ya ce taron zai fi na kullum, don ya yi dami dubu, ya kuma wuce matar ƙasar Sin. Har rawani ya saya. Shi kuwa naɗin rawani hannu biyu yake ci, dole ya ajiye wayar a bakin gado. Hajiya tana tsaye tana riƙe masa madubi.

Muka zauna a tabarma. Sarki ya fito ya yi jawabi a kan noman zamani, yana yi yana lalube aljihu. Aka fito da babban akushi rufe da faifai, aka ajiye a gabansa. Ya ce bismilla, ya ɗaga faifan.

Wayarsa ce kwance a tsakiyar akushin, rumbunanta cike har baki.

Daga bayan labule Hajiya ta ce, "Alhaji, ga amfanin gonar bana. A ɗiba wa baƙi tun da zafi."

Can sai wata saniya ta yi kuka daga cikin akushin.

Tuwon da muka ci a ranar, daga buhun da Nata'ala ya aiko ne cikin nasa rabon, don kada 'ya'yan Yaya su kwana da yunwa. Ya yi daɗi. Sarki ma ya ci, da hannu biyu a sake.

Yanzu duk mako ana ganinsa a layin Dakta Kaneng. Ya ce shawara yake ba ta a kan kwandon, ya yi ƙanƙanta. Da damina ta zagayo ya je Ringim, ya tsaya a bakin gonar gado da rawaninsa, ya daɗe yana kallon ciyawa, babban yatsa yana ta motsi a iska. Ciyawar ba ta ko gusa ba.

Nata'ala ya sa masa fartanya a hannu.

"Yaya, wannan sai an sunkuya."