Yadda Ake Ɗora Jan Ɗigo a Bindiga Ba Tare da Kowa Ya Gane Ido Ya Tsufa Ba

Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. In ka bi matakan nan a tsanake, harsashinka zai koma tsakiyar takardar da ake auna harbi, kuma ba mahalukin da zai san saitin ƙarfe da ke kan bindiga ya daina ganuwa gare ka. An gwada hanyar a kan Libor Kuchta, wanda ake kira Idon Shaho, dattijo a ƙungiyar wasan harbi ta garinmu a yankin Morabiya.

1. Ka fara da kushe abin

Shekara da shekaru Libor yana cewa madubin saitin bindiga mai jan ɗigo na tsofaffi ne da 'yan koyo. Kai ma ka riƙa faɗa, da ƙarfi, a teburin da ake zama bayan harbi. Ba a cika zargin mai kushe kaya da saye ba.

2. Ka zaɓi gajere

Akwai masu tsayi, da ake hangowa tun daga ƙofa. Ka bar su. Nemi wanda ke kwanciya a bayan bindigar hannu har ya kusa sajewa da ƙarfe. Ka saya a wani gari. In mai shago ya tambaya, na surukinka ne. Libor ba shi da suruki, amma ba a nemi shaida ba.

3. In ɗigon ya bazu, laifin kamfani ne

Da Libor ya leƙa, sai ya ga ja ya bazu kamar an ɗiga tawada a jiƙaƙƙiyar takarda. Matarsa Jarmila ta karɓa ta duba.

"Baban Vera, ai ɗigo ɗaya ne tak, kamar kan allura."

"Ke me kika sani a bindiga?"

"Ba komai. Gidan likitan ido dai na sani."

Darasi: kada ka bai wa iyali su leƙa.

4. Neman ɗigo

Za ka ɗaga bindiga ka ga gilashi fayau. Kada ka tsorata. Ɗigon yana nan, bakin bindigar ne ya yi sama. Masu haƙuri sukan buɗe ido biyu, su kalli takarda, su yi ta maimaita ɗagawa har hannu ya saba. Kai ba ka da wannan lokacin. Ka riƙa juya wuyan hannu a hankali, bakin bindiga na kallon tudun ƙasar da ke bayan takarda, har ɗigon ya ji tausayinka ya fito. In an tambaya, sanyi ne, kana motsa jini.

5. Ranar gasar kifi

Gab da Kirsimeti ake gasar da wanda ya ci ke tafiya da ƙaton kifi mai rai, ya sake shi a bahon wanka har ranar biki. Layi biyu ne: na masu saitin ƙarfe da na masu madubi. Ka shiga na ƙarfe, ka ɗora babban yatsa a kan madubin duk lokacin da ba harbi kake ba.

Libor ya yi haka, ya kuma yi harbin da ya daɗe bai yi irinsa ba. Sai dai al'ada ce bayan harbi a buɗe bindiga a nuna wa alƙalin fili ba harsashi a ciki. Alƙalin, Otakar, ya sunkuya.

"Idon Shaho, ɗaga yatsan mana."

"Ciwo yake."

"Ayya. To ɗaga shi mu yi masa sannu."

6. In an kama ka

Otakar bai yi dariya ba. Ya kama hannun Libor ya kai shi ɗaya layin. "Ga 'yan ajinku."

Duk sa'o'insa ne a wurin. Abokinsa Vilem ya buɗe akwatinsa ya kawo shi dab da hancin Libor. Ga madubi kwance a kan bindigar, gajere, irin nasa sak.

"Kai ma? Tun yaushe?"

"Tun jikata tana goye. Yanzu da ƙafarta take zuwa makaranta."

"Ɓoyewa kake yi, munafuki."

"Haba tsoho! Akwatin a buɗe yake kusa da kofinka duk Asabar, kana zagi muna gyaɗa kai."

A nan sai ka gyara tsayuwa ka ce, "Dama na sani." Haka Libor ya ce. Ba wanda ya musa. Vilem ya matsa masa a benci, wani ya miƙo masa shayi mai zafi, ya ma kama hannunsa ya ɗora a kan kofin.

Togaciya

Mai wannan darasi ya yi alkawarin ba wanda zai gane sabon abu game da idonka, kuma ya cika. Abin da abokanka suka riga suka sani suka yi shiru, tsakaninka da su ne. Kifin kuwa, Vilem ne ya tafi da shi. Kada a kawo mana ƙara.