Tausayin Ƙwayoyin Cuta

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka gwada ni a ɗakin awon jini ba. Lokacin ana gina dam ɗin Bakolori, ni kuma ina shara a wani ƙaramin asibitin leburori kusa da Talata Mafara. Malam Bawa, mai awon, ya ga ina wanke kwalba har sai ta yi ƙara, ya ce in na iya rina gilashi zai sa likita ya ɗauke ni mataimaki. Da takardar firamare kaɗai, ban ga wata hanyar rabuwa da tsintsiya ba.

Aikin ba wuya. A shafa mugunya kan gilashi ta bushe, a gitta shi bisa harshen fitila, a ɗiga shuɗin rini mai kama da bula, a ɗauraye, a leƙa ta madubin likita. Ranar farko da na leƙa na ga 'yan ɗigo jere kamar tasbaha, Malam Bawa ya ce ƙwayoyin cuta ne, halittu masu rai.

Nan damuwa ta same ni. Tun muna yara a Dosara malaminmu ya hana mu ƙona ko tururuwa. To ni da zan ƙona dubbai kafin azahar fa? (Ni ne mutumin da ke sake alwala don ya yi shakkar ko ya shafi kunne.) Kunya ta hana ni tambaya.

Ranar gwaji likita ya zo, ma'aikata suka tsaya bakin ƙofa. Aka ba ni mugunyar ƙafar wani lebura. Da na zo wajen fitila sai na wuce da gilashin can sama, inda ko gashin hannuna bai ji zafi ba. Na rina, na ɗauraye, na miƙa.

Likita ya leƙa, ya murɗa madubin, ya sake leƙawa. Gilashi fes. Ashe wutar ce ke manna ƙwayoyin jikin gilashi. Ruwa ya tafi da kome.

Malam Bawa ya ce, "Kai wanga yaro, ka gasa shi kuwa?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, na ji tsoron alhaki."

"Alhakin wa?"

"Na ƙwayoyin."

Ya nuna kwanon da na ɗauraye ciki, cike da maganin kashe cuta, ya ce, "To ka fisshe su wuta ka kai su guba. Je ka kira mai ƙafar, ka gaya mishi da bakinka don mi za a sake matse mishi gyambo."

Na je. Leburan ya saurare ni har ƙarshe, ya miƙo ƙafa ya ce, "Malam, ni ma mai rai ne."

Aikin dai wani ɗan Bakura aka ba. Na koma shara da sabon suna, Limamin Ƙwayoyi. Tun ranar, in tausayi ya taso mini, nakan fara duba wa za a matse wa gyambo saboda shi.