Yadda Muka Yi wa Jikan Inna Ƙiba a Faifai

Shekaranjiya na'urar kallon faifai ta gidana ta ƙaryata ni a gaban uwata. Da hannuna na sa mata faifai, ta haɗiye, ta yi gurnani kamar mai nazari, sannan ta rubuta a talabijin cewa babu komai a cikinta. Na buɗe, ga faifai kwance. Na rufe, ta sake musantawa. Na ce wannan na'ura tana asarar baiwarta a falona. Da kakaki aka ɗauke ta a ofishin wani babba, da yanzu tana da mota da direba.

Ga yadda abin ya samo asali. Autarmu ta haihu a can nesa inda mijinta ke aiki, ta turo bidiyon yaron ta waya. Inna kuwa yanar ido ta ci ƙarfin ganinta, hoton waya a wurinta bai fi tururuwa a kan tabarma ba. Likita ya ce sai an yi mata aiki. Injin aikin yana nan a asibiti, Mai Girma Sarkin Yanke Ƙyalle ya ƙaddamar da shi da kiɗa da tafi, kuma har yau yana cikin kwalinsa don kada talaka ya ɓata shi. Kullum ganin Inna raguwa yake. Abu ɗaya ta roƙa: ta ga jikanta a babban gilashi tun idon yana da saura. Talabijin ɗinmu irin mai doron nan ce, ba ta san wata hanya ba sai faifai.

Na tafi wurin Mai Faifai, wanda shagonsa ke maƙale tsakanin mai aski da mai facin taya. Masu sana'ar suna kiran aikin ƙona faifai, kuma sharaɗinsa ɗaya: in an fara, ba a tsayawa. Aiki ya yi nisa, sai iyayengijinmu masu riƙe da makunnin wuta, Allah ya ƙara musu hutu, suka tuna da mu. Ɗif.

"Shi ke nan, Malam, wannan ya mutu," in ji Mai Faifai. Ya jefa shi cikin wani bokiti da ya kusa cika da 'yan'uwansa.

"Tayar da janareta mana."

"Da yawuna?"

Na ɗauki jarka na shiga layin mai. A nan na tarar da maƙwabcina tela, ya zo da kujerarsa da ɗinkin hannu, har ya yi sabbin abokai. Ya ce mini kada in damu, ya ji a rediyo an ce mai ya wadata ko'ina. Na ce to ai shi ya sa muka taru, mun zo taya shi murna ne.

Faifai na biyu shi ne wanda na'urata ta musanta. Na koma a fusace. Mai Faifai ya sa shi a kwamfutarsa, sai ga yaro tangaram yana wutsil-wutsil.

"Ka gani? Yana yi."

"A nan yake yi. A gidana fa?"

Ya sosa ƙeya. Wai ya manta bai rufe faifan ba. Ashe in an gama ɗora hoto akwai wani ɗan aiki na ƙarshe da ake yi, in ba a yi ba, faifan ba ya nuna komai sai a injin da ya haife shi. Nan take na fahimci abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai. Titin unguwarmu da rijiyar burtsatsenmu da makarantar da aka ce an gina mana duk suna nan daram. Ba a rufe su ba ne kawai, shi ya sa sai a ofishin da aka yi su suke nunawa. Mu da muke zargin bayin Allah, sai mu nemi gafara.

Faifai na uku ya yi. Muka jawo wa Inna kujera har hancinta ya kusa taɓa gilashi, maman yara tana riƙe da kafaɗarta. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da biri an sayi kare. Hoton ya fito a matse, yaro ya zama dogo siriri kamar sillen kara, kansa kamar ƙwai. Inna ta daɗe tana kallo, sai ta fara salati.

"Wannan ne jikan nawa? Ba sa ba shi nono ne?"

"Inna, laifin faifai ne."

"Rufe mini baki! Faifai ne zai tsotse yaro? Kira mini ita. Na ce kada ta bi mutumin nan can, ga shi za su kashe mini ɗa da yunwa."

Ranar ba ta ci abinci ba. Na nuna mata waya, ta ture hannuna. Auta ta rantse ta maya a waya cewa yaro lafiyarsa lau, Inna ta ce gani ya kori ji.

Na sake komawa. Mai Faifai ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce hoton waya a tsaye yake, talabijin kuma a kwance, dole a gaya wa kwamfuta yadda za ta daidaita su. Sai ya sassauta murya.

"Malam, daidai kake so, ko irin na manya?"

"Mene ne irin na manya?"

Ya nuna mini. Akwai inda yake ja, hoto ya buɗe ta gefe. Ya ce duk bidiyon ayyukan da ake kawo masa daga manyan ofisoshi haka ake so: kwalbati ta zama gada, ɗaki ya zama zaure, 'yan tsirarun masu tafi su cika fili. Shugaban ofishin ne kaɗai yake cewa a rage masa tumbi, sai a yanke hoton daga ƙirji.

Ni mutum ne mai ilimi, na yi jami'a, na sha rubuta muku a wannan fili cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Na tuna Inna da kwanon abincinta a rufe. Na ce, "Ja."

"Ya isa?"

"Ƙara kaɗan."

Jiya da yamma muka kunna. Yaro ya cika gilashi daga wannan gefe zuwa wancan, kumatu kamar an hura, damtse kamar na ɗan dambe. Inna ta kai hannu ta shafa fuskarsa a gilashin, ta daɗe ba ta ɗauke ba. Hawaye yana bin kuncinta tana dariya.

"Alhamdu lillahi. Kun ga amfanin faɗa? Da na yi shiru da ba su gyara ba. Kai, ga hancin kakansa nan sak! Zubo mini abinci."

Ta ci ta ƙoshi, ta sa aka maimaita mata har masu wuta suka sake tunawa da mu.

Yanzu Auta ta bugo, wai suna shirin kawo yaron Inna ta ɗauke shi a hannunta. Ido yana iya ruɗuwa, amma hannun tsohuwa sikeli ne, kuma za ta tambayi inda sauran jikanta ya tafi. Na yi shawara da tela. Mun yanke cewa zan kafa kwamitin bincike.